Ƙanwata na ta amai bayan aikin rage tumbi, sun ce wai haka yake

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawarar masu sani. An yi wa ƙanwata aikin rage ƙiba a Istanbul, irin wanda ake kira baifas, yau sati 5 ke nan. Satin farko da na biyu lafiya lau, tana shan romo da yogot da kunu mai ruwa-ruwa kamar yadda suka tsara mata. Da ta shiga abinci mai laushi ne abin ya fara. Ta ci alale cokali biyu, ya tsaya mata a ƙirji, can sai ya dawo. Muka ce ko sauri ta yi. Aka koma dankalin da aka dama, shi ma ya dawo. Yanzu ko koko ba ya zama, ruwa ma sai ta kurɓa kaɗan-kaɗan, ga wani farin yawu mai kumfa da ke taruwa mata a baki, da kofi take zama tana tofarwa. Mun tura wa wakilin da ya haɗa mu da asibitin saƙo ta WhatsApp, ya ce haka yake, ta ci a hankali ta tauna sosai. To me za a tauna a koko? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni silib aka yi min a Alƙahira, wato wanda ake cire yawancin tumbi a bar shi dogo siriri, kuma gaskiya farko-farkon nan ana shan amai. Amma ni nawa na san dalilinsa: in na yi sauri, ko na kora ruwa a kan abinci, ko na ci burodi. Ranar da na kiyaye ba na yi. In ita ko ta kiyaye ma yana zuwa, to wannan daban ne da nawa.

Gimbiyar Fagge:
Ki ba ta haƙuri, jiki ne bai saba ba. Wata maƙwabciyarmu ma haka ta yi ta fama, daga baya ya wuce. A ba ta zuma da ruwan ɗumi da safe.

Anti Nas:
Maman Ilham, amsa min waɗannan yanzu don Allah. Sau nawa take fitsari a rana, kuma wane launi ne? Akwai zazzaɓi? Zuciyarta na bugawa da sauri ko tana kwance? Akwai ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu? Tana jiri in ta miƙe? Tana ganin abu bibbiyu, ko ƙafafunta na yi mata nauyi?

Maman Ilham:
Anti, fitsarin kaɗan ne kuma ya yi ja kamar shayi. Babu zazzaɓi, babu ciwon kafaɗa. Cikin ba ya ciwo sosai, sai dai nauyin nan a ƙirji in ta haɗiye abu. Jiri kam tana yi. Na tambaye ta maganar gani, ta ce lafiya, amma ƙafafunta sun yi sanyi ba ƙarfi.

Anti Nas:
To ku shirya ku tafi asibiti yau, ba gobe ba. Ruwan jikinta ya yi ƙasa. Bari in taɓo Likita, yana cikin zauren nan.

Likitan Fiɗa:
Salamu alaikum. Hajiya, ba zan yanke hukunci a kan mara lafiyar da ban gani ba, amma yadda kika jero labarin ya yi kama ƙwarai da tsukewar mahaɗa. Bari in yi bayani yadda kowa zai gane, don na san akwai masu irin wannan aikin da yawa a nan da ba sa magana.

A aikin baifas ana yanke saman tumbi a yi 'yar ƙaramar jaka wadda cinta bai wuce mililita 30 ba, wato babban cokali biyu. Sai a jawo ƙaramin hanji a ɗinke shi a jikin jakar. Wurin ɗinkin nan shi ne mahaɗa, kuma da gangan ake barin ƙofarsa ƙarama, wajen milimita 12 zuwa 15, don abinci ya riƙa sauka a hankali. To kowane rauni in zai warke tabo yake yi, tabo kuma janyewa yake yi. A wasu mutane janyewar na wuce kima, ƙofar ta koma ƙasa da milimita 10, wani lokaci ta ƙanƙance har ruwa ma ya riƙa wucewa da ƙyar. Shi ya sa ba a ganin matsalar a satin farko: tabon bai kama ba tukuna, kuma ruwa-ruwa ake sha. Galibi tsakanin sati 3 zuwa wata 3 take bayyana, daidai lokacin da ake komawa abinci mai ƙarfi, shi ya sa ake ɗora wa mara lafiya laifi a ce sauri take yi.

Uwar Biyu ta faɗi abin da ya raba su. Aman sauri zuwa yake ya tafi, yau akwai gobe babu, kuma mutum ya san abin da ya jawo shi. Aman tsukewa baya-baya yake tafiya da mutum: nama ya gagara, sai abinci mai laushi, sai koko, sai ruwa. Kumfar nan da take tofarwa yawunta ne da ta haɗiye ya rasa hanyar wucewa. Duk wanda aka yi wa aikin nan ya ga abin da yake iya ci a makon jiya ya gagare shi a wannan makon, to ba sabo ba ne, a duba shi.

Abin da take buƙata: a mayar mata da ruwan jiki ta jijiya, a duba gishirin jini, sannan a zura kyamara ta baki a leƙa mahaɗar. Kan kyamarar kansa kaurinsa wajen milimita 9 zuwa 10 ne, in ya kasa wucewa ta ƙofar an samu amsa. Kuma a zaman nan ɗaya ake iya faɗaɗa ta.

Baban Walid:
Tunda ruwa ne ya yi ƙasa, ai akwai masu kemis da ke ƙarin ruwa a gida. A fara sa mata leda biyu ta samu ƙarfi kafin a shiga layin asibiti.

Anti Nas:
Baban Walid, don girman Allah a'a. Wannan ita ce shawarar da na fi tsoro a duk zancen nan. Akwai sinadarin bitamin B1 da jiki ba ya ajiye shi da yawa, ajiyar ba ta wuce ta sati 2 zuwa 3 ba. Wadda ta ɗauki makonni tana amai, ba ta ci, ba ta iya haɗiye bitamin ɗinta, tata ajiyar ta kusa ƙarewa ko ta ƙare. Jiki kuma da B1 yake sarrafa suga. In aka ɗaura mata ruwan gulukos ba a fara ba ta B1 ta allura ba, ɗan ragowar ne zai ƙone, sai ƙwaƙwalwa ta taɓu. Mutum ya rikice, ido ya riƙa rawa ko ya ga abu bibbiyu, tafiya ta gagara. Likitoci na kiran ciwon da sunan Wernicke, kuma in aka makara ba kullum yake warkewa gaba ɗaya ba. Shi ya sa na tambayi maganar gani da ƙafafu. Mai kemis ledar da ke kan kantarsa zai ɗauko, sau da yawa mai suga ce, bai san an taɓa tumbinta ba.

Likitan Fiɗa:
Anti Nas ta gama magana. Hajiya, in kun isa, da bakinki ki faɗa wa likitan da ke kan aiki: an yi mata baifas sati 5 da suka wuce, tana amai kullum, a ba ta B1 kafin ruwa mai suga. Ba raini ba ne ki tuna masa, aikin nan ba kowane likita ne ya saba ganin masu shi ba a nan. Ku tafi da duk takardun da asibitin can ya ba ku.

Maman Ilham:
Likita, a nan wata matsalar take. Mijinta ya sani, ni na sani. Amma ko mahaifiyarmu an ce mata matsarmama aka cire. Dangin miji kuma an ce musu duba lafiya ta je. Ba ta so kowa ya ji, kuma asibitin da ya fi kusa da mu akwai 'yar'uwar mijin da ke aiki a can. Shekaranjiya ma da mijin ya kai ta wani ƙaramin asibiti ba su faɗa ba, aka ce olsa ce da taifod, aka rubuta magunguna.

Uwar Biyu:
Na fahimce ta wallahi. Mutane ba sa barin mutum. Kina da ƙiba a ce kin cika ci, kin yi aiki a ce kin kasa haƙuri da halittar Allah, kin rame a ce wata cuta ce ta kama ki. Ni ma mutane ƙalilan ne suka san nawa. Amma likita ba ya cikin waɗanda ake ɓoye wa.

Likitan Fiɗa:
Ta ɓoye wa duk wanda ta ga dama, haƙƙinta ne. Amma kun ga abin da ɓoye wa likita ya haifar: an tafi neman taifod alhali matsalar na wani wuri. Akwai abin da ya fi haka haɗari. Wanda bai san an sauya mata tsarin ciki ba yana iya zura mata robar hanci zuwa ciki da ƙarfi kamar yadda ake yi wa mai tumbi cikakke, ya huda jakar ko ɗinkin. Yana iya rubuta mata maganin da bai dace da mai baifas ba. In asibitin kusa ne matsalar, ku wuce wani. Ma'aikacin lafiya kuma amana ce a wuyansa, doka da ƙa'idar aiki sun hana shi fitar da sirrin mara lafiya.

Malam Na Ƙofar Mata:
Allah ya ba ta lafiya. Amma ni fa ina mamakin yadda mata suka ɗauki wannan abu kamar zuwa saloon. Allah ya halicce ki da cikinki lafiya, ki biya miliyoyi a yanke, ki dawo ko ruwa ba ki iya sha. Da an rage ci an riƙa motsa jiki da duk wannan bai taso ba.

Maman Ilham:
Malam, ba don ado ta yi ba. Ciwon suga gare ta da hawan jini, gwiwoyinta sun lalace har a zaune take sallah, da dare numfashinta na ɗaukewa in tana barci. Ta yi shekaru tana rage ci, tana saukewa yana dawowa. Likitanta na nan gida ne ma ya fara kawo maganar aikin.

Malam Na Ƙofar Mata:
To in lalura ce wannan daban, neman magani halal ne. Amma ki yarda da ni akwai masu yi don kawai a ce sun yi kyau, ba su san me za su tarar ba.

Anti Nas:
A wannan kam ina tare da kai, Malam, ta fuskar rashin sani. Ana tallata aikin a Instagram da hoton kafin da bayan, da otal da mota daga filin jirgi, ba a faɗin cewa aikin na kwana ɗaya ne amma bibiyarsa ta tsawon rai ce. Mutum ya dawo gida bayan 'yan kwanaki, matsalolin da ke zuwa a sati na 4 ko na 6 su same shi a nan, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa. Wakilin da ke amsa saƙo kuma sau da yawa ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne ko tafinta.

Shugabar Zaure:
Jama'a a bar muhawarar ya kamata ko bai kamata ba zuwa wani lokaci, za mu buɗe mata zare nata. Yanzu mara lafiya ke gabanmu.

Baban Walid:
To ni tambayata, ba gara a mayar da ita Istanbul ba? Su suka yi aikin, su suka san abin da suka ɗinka, su gyara abinsu. Me zai sa a bar wani ya taɓa?

Likitan Fiɗa:
Tunani ne mai kyau amma ba a wannan halin ba. Wadda ruwan jikinta ya ƙare, an yi mata babban aiki kwanan nan, ga ƙiba, in ta zauna awanni a jirgi tana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu. Ga neman biza da tikiti, kwanaki na tafiya tana amai. Faɗaɗa mahaɗa kuma ba sabon yanka ba ne. Likitan ciki mai aikin kyamara ne ke yi: a ba ta maganin barci mai sauƙi, a zura kyamara, a tura wata siririyar balan-balan ta cikinta zuwa ƙofar da ta tsuke, a hura ta a hankali na ɗan lokaci, a sace a fitar. Yawanci ba ya kai awa ɗaya. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, suna da sashen kyamarar ciki, haka wasu asibitocin kuɗi. Abin da za ku yi shi ne ku tambaya tun kafin a shiga da ita ko akwai balan-balan ɗin faɗaɗawa a ƙasa, don kada a leƙa kawai a fito a ce a sake dawowa. Sannan ku matsa wa asibitin can su turo cikakken rahoton aikin, ba takardar sallama kaɗai ba, kuma su haɗa ku da likitan da ya yi aikin, ba wakili ba. In daga baya ta kama sai an sake yanka, wanda ba kasafai ake kaiwa can ba, lokacin ne za a zauna a yi maganar ina ya fi.

Gimbiyar Fagge:
Likita, wannan ba kuskuren masu aikin ba ne? Ai da sun ɗinka daidai da bai toshe ba.

Likitan Fiɗa:
Ba lallai ba. Tsukewa na faruwa ko a hannun ƙwararru, a ko'ina a duniya. Rahotannin likitoci sun bambanta sosai, daga wajen kashi 3 cikin 100 har sama da kashi 20, gwargwadon salon ɗinkin. An lura na'urar ɗinki mai zagaye ta milimita 21 ta fi kawo tsukewa a kan ta milimita 25. Akwai abin da ya shafi aikin: in jini bai isa bakin ɗinkin sosai ba, ko an jawo hanjin da ɗan ƙarfi ya zauna a ɗame, ko an samu ɗan yoyo ya warke da tabo mai kauri. Akwai kuma abin da ya shafi bayan aikin, babbansu gyambo a bakin mahaɗar. Gyambon na warkewa yana janye wurin. Taba da shisha na kawo shi, magungunan ciwon jiki na kawo shi, haka ƙwayar cutar nan ta tumbi, H. pylori, wadda ta yi yawa ƙwarai a mutanenmu.

Maman Ilham:
'Yan zaure ga halin da ake ciki, ku yi haƙuri da shiruna. Mun kai ta a daren ranar, na faɗi duk abin da Likita da Anti suka ce in faɗa. An kwantar da ita, an ba ta B1 da ruwa, an ce gishirin jininta na fotasiyam ya yi ƙasa an gyara. Da aka sa kyamarar likitan ya nuna min hoton a allo: wata 'yar ƙofa ce ƙarama a tsakiyar jan nama, gefenta da wani farin tabo, ya ce gyambo ne. Kyamarar ba ta wuce ba sai da aka hura balan-balan ɗin. Da yamma ta sha ruwa rabin kofi ya zauna, ta fashe da kuka. Yau ta sha kunu. Sun ce ta koma ruwa-ruwa na 'yan kwanaki, kuma ta dawo bayan sati 2 a sake dubawa, wataƙila a ƙara faɗaɗawa. Da suka bi magungunanta sai aka gano tana shan diclofenac saboda gwiwa tun da ta dawo. Ta ce ba ta san yana cikin waɗanda aka hana ba. Allah ya saka muku da alheri.

Uwar Biyu:
Alhamdu lillahi! Wallahi tun ranar nake duba wayata.

Malam Na Ƙofar Mata:
Masha Allah. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Mai Harhaɗa Magani:
Alhamdu lillah. Bari in tsaya a kan diclofenac ɗin nan, don a nan mutanenmu ke faɗawa. Takardar sallama takan ce a guji wani rukuni na magungunan kashe ciwo, da gajeren suna na Turanci, mara lafiya kuma bai san su waye a cikin rukunin ba. Su ne diclofenac, ibuprofen, piroxicam wanda aka fi sani da Feldene, naproxen, da asfirin. Garin Alabukun ma asfirin ne a ciki. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis na ciwon jiki ko na gajiya kusan kullum akwai ɗaya ko biyu daga cikinsu. Allurar diclofenac ma ba ta tsira ba, don ba taɓa tumbi kaɗai ke sa su yi gyambo ba, ta cikin jini suke rage kariyar bangon ciki. Ga mai baifas, yawancin likitoci cewa suke a bar su har abada sai da izini na musamman. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin kada ya daina da kansa, ya koma su tattauna. Na ciwo na yau da kullum farasitamol ne.

Sannan maganin rage asid irin omeprazole da aka ba ta, ta sha shi yadda aka ce har ƙarshe ko ta ji sauƙi. Wasu likitocin kan ce a buɗe kwanson a zuba ƙwayoyin cikin cokalin yogot a haɗiye ba tare da taunawa ba, saboda jakar ƙarama ce kuma abu ba ya daɗewa a cikinta. Ta tambayi nata likitan. A kuma tabbatar an gwada ta H. pylori.

Baban Walid:
Amma me ya sa sai an sake dawowa? Tunda an shiga, a buɗe ta gaba ɗaya mana a huta. Kowane shiga kuɗi ne fa.

Likitan Fiɗa:
Dalili biyu. Na farko, faɗaɗawa yaga tabo ne a hankali. In aka hura da yawa a zama ɗaya, bangon na iya fashewa, abin da ke cikin hanji ya zuba cikin ciki, a koma tiyatar gaggawa. Ba ya yawan faruwa, amma shi ne haɗarin da ake tsoro, balle ga wadda ke da gyambo a wurin. Shi ya sa ake hawa mataki-mataki da tazarar sati 2 zuwa 3, yawanci a tsaya wajen milimita 15. Na biyu, ƙanƙantar ƙofar na daga cikin abin da aka biya kuɗi aka yi. In ta yi faɗi da yawa abinci zai riƙa zubawa hanji da sauri, mutum ya riƙa jin jiri da gumi da bugun zuciya bayan cin abu mai zaƙi, yunwa ta dawo da wuri, ƙiba ma ta iya dawowa. Da yawa zama ɗaya ko biyu ke isar su, wasu uku. Tsukewar farkon nan ta fi jin magani. Wadda ke zuwa bayan shekara ko fiye, wadda galibi gyambo ne ya daɗe yana ci, ta fi taurin kai.

Maman Ilham, bayan kowace faɗaɗawa ku sa ido. Ciwon ciki ko ƙirji mai tsanani, zazzaɓi, bugun zuciya sama da 120 a minti, ko baƙin bayan gida, ku koma nan take.

Anti Nas:
In ta fara ci kuma a bi a sannu. Ruwa lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, ba a kan abinci ba, a bar wajen minti 30 tsakani. A fara da abin gina jiki: ƙwai, kifi, wake da aka cire wa ɓawo, kaza da ta dahu lugub cikin romo. Kilishi, tsire, soyayyen nama, burodi da shinkafa su ne suka fi maƙalewa, a jinkirta su. Tuwo ma in lokacinsa ya yi, ƙaramar loma da miya mai yawa, kuma a tauna shi, ba haɗiyar da muka saba ba.

Hajiyar Maraɗi:
Salamu alaikum, ina ta karantawa ban sa baki ba. Likita, ni silib aka yi mini a Tunis, yanzu wata 4. Ba ni da mahaɗar da kake faɗi, amma ina amai kusan kullum, ga ƙwannafi da ke tashe ni da dare har ruwa mai ɗaci ya zo mini hanci. An sa mini kyamara a Yamai, likita ya ce ta wuce har ƙasa, babu toshewa. To mene ne ke damuna? Gida an fara cewa ko tunani ne na sa wa raina.

Likitan Fiɗa:
Hajiya, sannu da jiki. Wucewar kyamara ba ta wanke silib. A aikinku ana cire wajen kashi 75 zuwa 80 na tumbi, a bar shi dogo siriri. Tumbi kuma yana da wata kwana ta halitta a ƙasa-ƙasa, kafin mafita, a nan ne matsalar ta fi zama. Wani lokaci wurin ne aka matse da yawa ko tabo ya janye shi. Wani lokaci kuma faɗin lafiya lau, amma layin ɗinkin ne ya karkace, tumbin ya murɗe kamar tiyon ban ruwa da ya naɗe: in ka tura sanda za ta wuce don tana miƙar da shi, amma ruwa ba zai wuce ba. Kyamara na hura iska tana miƙar da wurin, ta wuce, a rubuta babu toshewa. Abinci kuma ba shi da wannan ƙarfin, sai ya taru a sama, matsi ya ƙaru, ya dawo maƙogwaro. Ƙwannafin da kike ji na iya zama daga nan, ko da yake silib kansa na kawo ƙwannafi ko ba murɗewa.

Bai kai tsukewar baifas yawa ba, yawancin rahotanni ƙasa da kashi 4 cikin 100 suke nunawa, amma ya fi wuyar ganewa kuma ya fi wuyar gyara. Ki nemi a yi miki hoton da ake shan farin ruwa ana ɗauka yana sauka, shi ke nuna siffar tumbin da inda ruwan ke tsayawa. Ki kai hoton da rahoton kyamarar wurin likitan da ya saba da masu wannan aikin. In an tabbatar, ƙaramar balan-balan irin ta baifas ba ta cika yin aiki ba, akwai babba ta milimita 30 da ake hurawa da iska, wasu kuma a sa musu bututun ƙarfe na wucin gadi ya riƙe wurin a buɗe na 'yan makonni. In duk ba su yi ba, sai a mayar da silib ɗin baifas, wanda ke magance murɗewar da ƙwannafin tare.

Kina iya shan bitamin ɗinki kuwa?

Hajiyar Maraɗi:
Wasu ranaku yana zama, wasu ranaku yana dawowa. Tafin ƙafata ma ya fara yi mini kamar ana tsira allura.

Anti Nas:
Hajiya, wannan kada ki jira hoton. Ki je gobe da safe ki faɗa musu wata nawa kina amai da abin da kike ji a ƙafa, a ba ki B1 ta allura, a duba B12 da sauran jinin. Hoton ya biyo baya.

Hajiyar Maraɗi:
To Anti, in sha Allahu da sassafe ɗana zai kai ni. Likita, sunan hoton nan da Faransanci nake so, don in nuna musu a rubuce.

Likitan Fiɗa:
A wajenku TOGD suke rubuta shi. Ki ce musu na mai silib ne, a ɗauka tun daga haɗiyar farko har ruwan ya fita daga tumbi, kuma a ba ki hotunan a hannu, ba rahoton kaɗai ba.